Telan da Ya Raɗa wa 'Yan Biɗa Suna

Duk wanda ya san Attahiru Tela a Tawa, da kafaɗarsa ya fara saninsa. Ta dama ta fi ta hagu sauka da kusan yatsa uku, saboda shekara ashirin da biyu da ya yi yana yawo da kan keken ɗinki a kanta cikin unguwannin Abijan, yana kaɗa almakashi don masu yagaggun tufafi su ji su leƙo. Haifaffen wani ƙauye ne kusa da Afala. Yana ɗan shekara goma sha bakwai, da aka kai gero rumbu, ya bi yayyensa kurmi, wato ƙasashen kudu na bakin teku, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. A nan ƙasar Adar wannan tafiya sunanta biɗa, wato tafiya nema, kuma da wuya ka shiga gidan da babu wanda ya yi ta.

Yakan leƙo gida bayan shekara biyu ko uku. A wata leƙowar ya auri Rakia, a sauran kuma yakan iske jariri ya zama mai gudu, ko mai gudu ya shiga lakwal, wato makarantar boko. Shekarar da Abijan ta rikice da harbe-harbe ya tattaro ya dawo gaba ɗaya, da kan kekensa da rediyo ɗaya da bakinsa. Ya kama wani ɗakin kwano a Tawa, daura da filin da samari ke buga balo, wato ƙwallon ƙafa, ya sa wa keken ƙafa, ya zauna.

Ɗinkinsa ba laifi, amma ba don shi ake cika ƙofar shagon ba. Bakin Attahiru ya fi almakashinsa kaifi. Wani attajiri ya taɓa dawo masa da wando yana faɗa wai ya tsuke, Attahiru ya dubi wandon, ya dubi mai wandon, ya ce, "Alhaji, wando na nan inda nib bar shi. Tumbi ne ya ƙara gona." Ko liman bai tsira ba. Da ya kawo babbar riga a ƙara mata aljihu, cewa ya yi, "Malam, na ciki ko na waje? Na sadaka dai ya hi kyau a ciki."

Ni Abdulrahim, malamin makaranta ne daga Damagaram, aiki ya kawo ni Tawa, inda ake ce wa malamin boko Mushe, kuma a ƙofar shagonsa nake shan shayin la'asar. Shi ya sa abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, har da hannuna a ciki.

Wata shekara da damina ta tsaya, Alhaji Muktari, mai sayar da siminti da hatsi, ya ce ya gaji da ganin samarin gari suna buga balo unguwa-unguwa kamar awaki. Ya tattara gwanayen kowace unguwa a ekip, wato ƙungiya, ɗaya ta gari, ya ɗauko Faisal, wani tsohon ɗan wasa, ya horar da su, ya sayo riguna goma sha takwas ruwan ɗorawa. Suna kawai ya rage. Alhaji ya ce ba ya son sunan aro irin na turawa, yana son suna mai nuna gadon Adar. Aka kafa kwamiti: shi ne shugaba, ni magatakarda, sai Faisal, sai Malama Mansura, wata ungozoma 'yar Maraɗi da ke aiki a garin, da dattijai biyu. Wato biyu daga cikin masu neman gadon Adar ba Adarawa ba ne, amma ba wanda ya damu.

Attahiru ba ɗan kwamiti ba ne. Shi aka ba aikin yanka haruffa ya ɗinka a bayan rigunan, don haka ya ce dole ya zo ya ji tsawon sunan. Ya zauna a bencin ƙarshe na ajina, inda muke taron, da awon tela rataye a wuya.

Alhaji ne ya fara. Ya gyara hula ya ce, "Zakunan Adar."

Muka gyaɗa kai, tunda shi ya sayo riguna. Sai murya ta taso daga baya.

"Alhaji, ina da tambaya. Wane zaki?"

"Zaki dai, Attahiru. Manyan dawa."

"To ni na kusa sittin, ban taɓa ganin zaki cikin Adar ba, ko kaka na bai ba ni labari nai ba. Sau guda nig ga zaki, can Abijan, cikin keji. Shina kwana, ƙuda na cin kunnuwa nai, yara na jihwa tai da ɓawon ayaba. In shi ne gadonmu, to madalla."

Malama Mansura ta sa gyale ta rufe baki. Alhaji ya ce a ɗage zama.

A zama na biyu ɗaya daga cikin dattijan, mutumin Takanamat, ya ce a sa Raƙuman Adar, don mutanen arewa ma su ji da su ake. Faisal ya ce shi ba zai horar da raƙuma ba, ranar da aka ci su gari zai ce raƙumi da akala. Shi ya fi son Duwatsun Adar, tunda ƙasar duk dutse ce. Attahiru ya ce sunan ya dace, don ya ga 'yan bayansu suna wasa, kuma lallai dutse ba ya gudu. Malama Mansura ta ce ita abin da ta san Adar da shi tun tana yarinya albasa ce, kuma albasa tana sa mutum kuka. Ɗaya dattijon ya buga sanda ya ce shi jikansa ba zai yi yawo da albasa a baya ba. Ni ma na kawo nawa, wani dogon suna da Faransanci mai kalma bakwai. Attahiru ya taso, ya auna takardar da awonsa, ya ce sai dai a ɗinka wa yaran babbar riga.

A zama na uku Alhaji ya ƙule. Ya juya ya ce, "To kai da ka hi kowa baki, mi ne ne gadon Adar?"

Attahiru ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba a zaman.

"Gadon Adar? Jaka da takalmi. Ubana ya tahi, kaka na ya tahi, ni na tahi, ɗiyana biyu suna can yanzu. Ku tai tasha bayan kaka ku ga gado na hawa mota. Kwanon da ab bisa gidajenmu, da masallatan ƙauye, da rijiyoyi, wa yak kawo su? Zaki? Ku sa ma yaran ga 'Yan Biɗa. Su ma balo suka biɗa cikin hili."

Dattijon Takanamat ya ce wannan tonon asiri ne. Alhaji ya ce ekip ɗin gari ba wurin tallar talauci ba ne, kuma an gama shawara: Zakunan Adar. Ya sa na rubuta da manyan baƙi, ya miƙa wa Attahiru takardar, ya ce saura kwana huɗu a yi wasan farko da samarin Tebaram.

Attahiru bai yi boko ba. Yana gane haruffa ne kamar yadda yake gane wuyan riga da hannu, da siffarsu. Washegari da la'asar ya turo mini wani guntun kwali da alli.

"Mushe, rubuta min 'Yan Biɗa nan. So nika in ga kamannin shi kawai."

Na dube shi, ya dubi titi. Na san abin da zai yi, shi ma ya san na sani. Na rubuta, har na ƙawata masa lanƙwasar ɗ ɗin.

Daga baya Rakia ta ba ni labarin abin da ya faru a gida. Da ta ga yana zana haruffa a kan baƙin yadi, ta tambaye shi ko wannan ne zakin. Ya faɗa mata gaskiya, yana jiran faɗa. Ta ce masa, "Alhaji Muktari zai kore ka daga garin ga." Ya ce ya sani. Sai ta miƙa hannu ta karɓe almakashin. "Kawo nan. Ni da niy yi shekara ashirin ina jiran ɗan biɗa, ni ad da hakkin yanka sunan." Ita ta yanka haruffan duka, shi ya ɗinka, kuma ya bi kowanne da layi biyu yadda ba mai iya warwarewa cikin gaggawa.

Ranar Lahadi fili ya cika. 'Yan kabu-kabu sun jera baburansu, mata masu ƙosai sun kafa kasko, samarin Tebaram sun iso a bayan wata motar hatsi. Attahiru bai kawo rigunan ba sai da alƙalin wasa ya fara duba agogo. Ya ajiye buhun a gindin bishiyar bedi, Faisal ya kwance, ya ɗaga ta farko.

Ban taɓa ganin fuska ta canja launi kamar ta Alhaji ba. Ya karɓi rigar, ya juya ta, ya ɗauki ta biyu ko kuskure ne, ya ɗauki ta uku.

"Attahiru! Wannan ne nib ba ka?"

"Alhaji, ka san ban yi lakwal ba."

"Wa yar rubuta maka?"

Ni dai na duƙa ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Alhaji ya rantse ba mai shiga fili da wannan abin kunya. Faisal ya ce to sai dai su shiga tsirara, don babu wasu riguna. 'Yan wasan kuwa tuni sun fara sawa suna dariya, suna juya wa juna baya. Mai tsaron gidanmu watansa biyu da dawowa daga Aljeriya, ya ce shi tasa ta yi masa daidai har cikin rai. Alhaji ya ci gaba da faɗa, yana cewa shi mutum ne mai mutunci a garin nan. Attahiru ya matso kusa da shi, ya rage murya, amma ba sosai ba.

"Muktari, ni da kai hwa. Wa yad ɗunke maka wando bakin kasuwar Ajame can Abijan, ran da karen wata mata yab bi ka kana tallar agogo? Tsaye kake cikin zanen aro har nig gama."

Dattijan kwamiti suka dubi sama. Alhaji ya je ya zauna a kujerarsa.

Da yaran suka shiga fili, sai da aka ɗan jima kafin masu karatu su karanta wa marasa karatu. Dariya ta fara daga wajen 'yan kabu-kabu, ta zagaye filin. Daga nan wata mai ƙosai ta ajiye matsami ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. Na ga wani tsoho ya cire hula yana kaɗawa yana ihu, "Namu ne! Ɗiyanmu ne!" Samarin Tebaram suka ce ai wannan zalunci ne, su ma duk 'yan biɗa ne, me ya sa ba su riga tunawa ba.

Sun ci mu uku, mun ci ɗaya, shi ma ɗan bayansu ne ya taimaka mana da kai.

Kafin sati ya zagayo hotunan rigar sun kai inda ba mu zata ba. Waya ta yi ta shigowa daga Abijan, da Legas, da Tamanrasat, da Duwala, kowa yana son a aika masa da tasa. Alhaji Muktari ɗan kasuwa ne kafin komai. Bai sake yi wa Attahiru magana ba har wata takwas, bai kuma sake ba shi ɗinki ba, amma ya aika Kano aka buga masa rigunan da inji, dila guda. Da wani ɗan rediyo ya tambaye shi asalin sunan, na ji shi da kunnena yana cewa ya daɗe yana tunani a kan tarihin magabata. Attahiru yana jin shirin a shago, bai ko ɗaga kai daga keke ba. Ya ce, "Gaskiya tai. Kare ma magabaci ne, tunda shi yar riga shi isa kasuwa."

Abin da ya samu a ciki kaɗan ne. Wata rana ina zaune, wata tsohuwa ta zo daga wajen Takanamat da rigar inji a leda. Ta ce ɗanta ya tafi Libiya shekara huɗu ke nan, ba waya, ba saƙo. Tana so a ɗinka sunansa, Almustafa, a ƙarƙashin rubutun, ta ajiye masa. Na jira in ji abin da bakin nan zai ce. Sai kawai ya miƙo mini kwali na rubuta, ya yanka, ya ɗinka a hankali, ya naɗe, ya rakata har bakin titi ya tsayar mata da babur. Da ya dawo ya ce shayina ya yi sanyi, kuma dama ban iya zaɓen mai shayi ba.

Ekip ɗin tana nan, ana cinta tana ci. Kowace shekara bayan girbi Faisal yakan rasa mutum biyar ko shida, ya sake ɗibar sababbi, kafin damina wasu su dawo da sabon takalmi su nemi gurbinsu. Attahiru bai taɓa kallon wasa har ƙarshe ba. Ya ce ba ya gane hankalin ƙarti ashirin da biyu da za su yini suna bin abu guda, in sun same shi kuma su shure shi. Idonsa ya fara rauni, yanzu Rakia ce ke zuwa da safe ta zura masa zare a allurai biyar ta soke a labule kafin ta wuce kasuwa.

Bara aka canja mini wurin aiki zuwa Difa. Na je yi masa sallama, na tsaya ina jero kalmomin da na shirya tun a hanya, na gode da zama, a yafi juna. Ya bari na gama, ya ce, "Mushe, kai ma ɗan biɗa ne, gwamnati ce dai ka biya maka mota. Ka gaida mutanen gabas." Kafin in amsa wata mata ta shigo tana faɗa a kan rigar suna da ya yi mata alkawari tun Talata, ya juya wajenta yana rantsuwa cewa hannu ɗaya kawai ya rage.