Kwanon da Ya So Yin Zufa

Idan bazara ta kama a Maraɗi, kakarmu ba ta yarda a hura wuta a ɓangarenta bayan hantsi. Takan ce rana ta riga ta dafa mu, ba sai mun ƙara mata itace ba. Saboda haka hirar da muke yi a bakin murhu lokacin sanyi sai ta koma tabarma a tsakar gida, bayan magariba, kowa da maficinsa.

Abin da ke tara mu da wuri shi ne abin sanyin da take haɗawa. Tun da safe za ta jiƙa ƴaƴan kuka har garin ya saki ƙwallonsa, ta tace, ta dama da nono mai kauri, ta zuba dakakken dabino. Sai ta juye a wata ƴar tukunyar ƙasa da ta sayo a Jiratawa, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, ta ɗora a kan yashi mai laima ƙarƙashin itacen bedi, inda iska ke ratsawa. Kafin yamma abin ya yi sanyi har cikin haƙori.

Yayyafa wa tsumman ruwa aikina ne, don ni ne mijinta. Haka kaka ke kiran jikanta namiji da wasa, kuma ni na ɗauki wasan da gaske. Miji shi ke zama jikin ƙafarta idan ana tatsuniya, shi ke shan ludayin farko, shi ke suɗe tukunya.

Wata shekara aka kawo Sanusi, ɗan ƙanen babana, daga Tsibiri. An kwantar da mahaifiyarsa a likita, aka ce ya zauna wurinmu har ta samu sauƙi. Ranar da ya zo, kaka ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai, ga saurayi! Habu, tashi ka ba sabon ango wuri. Kai ka tsufa, ko goro ba ka kawo mini."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Na san uwarsa ba ta da lafiya. Na ji shi yana kuka a bayan ɗaki. Ba zan ce ban gane dalilin kaka ba, na gane sarai, amma duk lokacin da na ga ludayin nan a hannunsa sai in kau da kai. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya iya aikin. Ba ya mance tsumma ya tafi ƙwallo kamar yadda nakan yi.

Sai na ƙudura zan ƙwato matata. Na roƙi innata ƴaƴan kuka da nono, na haɗa nawa a ɓoye. Na ce ni ba zan sa a tukunyar ƙauye ba. Na ɗauko kwanonta na ƙarfe mai sheƙi, na rufe da murfi ruf, na tura ƙarƙashin gado a ɗakin da rufinsa kwano ne, don kada kowa ya gani kafin lokaci.

Da aka shimfiɗa tabarma, na kawo na dire gaban kaka. Tana buɗewa tsami ya bugi hancin kowa. Abin ya kumbura yana kumfa, ga ɗumi kamar an sauke daga murhu. Yara suka fashe da dariya. Ita kuwa ta ɗiba ta kai baki, ta haɗiye, idonta ya kawo ruwa.

"Tsohon miji ya iya girki," in ji ta. "Ya dafa mini kunu babu wuta. Ku yi shiru, ga wata tatsuniya tafe."

Muka ce ta iso lafiya.

Ta ce a gidan wata tsohuwa akwai tulu da kwanon ƙarfe. Duk wanda ya shigo daga rana, tulu yake nufa, ya sha ya ce, Allah ya yi wa tulun nan albarka. Kwano yana gefe yana ji, ba mai ko dubansa sai za a kai abinci gona. Ya zuba ido yana neman asirin tulu, har ya lura jikinsa kullum a jiƙe yake. Ya ce, ashe zufa ce kawai! Ya gangara wurin maƙeri ya ce a huda shi ko'ina.

A nan kaka ta ƙanƙance murya. "Maƙeri ya ce, kwano, ka tabbata? Ya ce, huda, malam, mi ruwanka?"

Aka huda shi. Ya dawo gida yana taƙama, aka zuba masa ruwa, kafin a kai baki ya tsiyaye tas. Washegari tsohuwa ta tashi kai fura gona, ta ɗaga kwano ta hangi sama ta cikinsa. Ta zauna tana kuka, tana cewa, wayyo kwanona, wanda ke zuwa gona ya faɗi ya tashi bai fashe ba, yanzu da mi zan kai wa ɗiyana abinci?

Ta tsaya nan. Ni dai abin da na ji shi ne an kira ni kwano a gaban mutane. Na juya baya na ƙi shan na tukunya, har Sanusi ya koma Tsibiri da ruwan farko ban sake zama kusa da shi ba.

Yau kaka ta daɗe da rasuwa. Sanusi yana da shago a unguwar Zariya nan Maraɗi, yana sayar da madarar kuka da kunun aya da yawur mai sanyi, mutane na layi a ƙofarsa. Ni kabu-kabu nake yi. Akwai shekarar da na sayar da babur ɗina na sayi firigo na sanyaya kaya don in yi irin sana'arsa, alhali ban da haƙurinta. Kuran, wato wutar lantarki, ya yi ta ɗaukewa, kaya suka yi ta lalacewa, na daɗe ina tuƙa babur ɗin wani kafin in sake samun nawa. A lokacin ne na tuna ƙarshen tatsuniyar, wanda fushi ya hana ni ji. Tsohuwar ba dariya ta yi wa kwano ba, kuka ta yi, don tana bukatarsa yadda yake. Kaka tana gaya mini ba ta yar da ni ba, ni kuma ina can ina kumburi.

Ba zan yi ƙarya in ce na warke ba. Idan na bi ta gaban shagon na ga taro, har yanzu wani abu na sukata a ƙirji, sai in yi istigfari. Abin da na iya kawai, duk fasinjan da ya ce ƙishi na damunsa, can nake kai shi. Jiya ma na kai wata mata da ɗiyarta. Na tsaya a rana ina jiransu, Sanusi ya hango ni ya ɗaga hannu.

"Yaya Habu, mi kake yi cikin wannan rana? Shigo inuwa mana!"

Na ɗan jima a kan babur kafin na kashe shi na shiga.