Miya a Cikin Baro

Shekarar da soja suka koma bariki, tun hotunan 'yan takara ba su gama ɓallewa daga bangon layinmu na Makera ba, surukata ta fita takaba. Maigidana ya je ƙauye ya taho da ita, don ba kowa a gidan sai ita da kaji. Inna muke ce mata. Ta iso da ƙunshin kaya ɗaya, ɗaure cikin wani tsohon zane shuɗi, ta ajiye a gefen gado. Sati uku ba ta kwance shi ba. In za ta sauya kaya, sai ta zura hannu ta gefe ta zaro.

Na yi iya yina. Na dama fura, na tuƙa tuwon dawa, na sa 'yan matana biyu su riƙa yi mata hira. Sai ta ci loma biyu ta ce, "Allah ya yi albarka, 'yar nan," ta koma bakin ƙofa tana kallon simintin tsakar gida. Kullum maganarta ɗaya, wai garin nan ba ƙasa. Wata Alhamis ta ce in Allah ya kai mu Litinin, gida za ta koma.

Maigidana ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kama, shi kuma ba ya iya ja da ita. Da ya dawo daga masaƙa sai ya same ni a kicin.

"Ki san dabarar da za ki yi. In ta koma, wa zai ɗebo mata ko ruwan alwala?"

Dabara ba ni da ita, sai addu'a. Na dai ce ran Lahadi mu kai ta wani tsohon gidan Turawa da ke kusa da layin dogo, wanda aka mayar wurin shan iska. In ma tafiyar za ta yi, ta tafi da labarin wani abu ban da siminti.

Na yi dafa-duka na zuba a kula, na haɗa zoɓo, muka shiga bas. Damina ce, ko'ina shar. Gidan na jan bulo ne, baranda ta zagaye shi, ga manyan itatuwan maɗaci sun yi masa rumfa. 'Yan matan suka ruga wajen lilo. Mu kuma muka zagaya da Inna ɗaki ɗaki, ina karanta mata rubutun da ke ƙarƙashin tsofaffin hotuna. Ta saurara har na gama.

"To ina rumbun?"

"Ba rumbu, Inna."

"Ɗakuna haka ba rumbu? Ashe shi ya sa suka tafi."

Maigidana ya kau da kai yana dariya. Ni kuwa daɗi na ji, don tun zuwanta ban ji ta yi magana mai tsawon wannan ba.

Muka shimfiɗa tabarma a kan ciyawa. Ina zuba abinci, na ɗaga kai, ba Inna. Can na hango ta wajen furanni, ta duƙa, mayafi ɗaure a ƙugu. Na tuna a bakin wurin akwai allo da Turanci cewa kada a tsinki komai. Na tashi da sauri.

Ashe ba fure ta taɓa ba. Wani dattijo ne mai kula da lambun, mutumin kudancin jihar nan, ya cire ciyawa ya tara a baro. Inna ta tare baron, hannu biyu a ciki.

"Bawan Allah, ina za ka da wannan?"

"Bola, Mama."

"Bola! Wannan lalo ne. Wannan gasaya. Ga tafasa ɗanya shataf. Miya kake turawa bola?"

"Mama, na san su. A garinmu ma ci muke. Amma a nan sunansu ciyawa."

Ta nuna wani jan fure da haɓa. "Wancan fa, ana ci?"

"A'a, na kallo ne."

"To madalla. Ka cire na ci, ka yi wa na kallo ban ruwa. Da kai ɗana ne, yau kallo za ka ci ka kwanta."

Dattijon ya saki baro ya riƙe ciki don dariya. Na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Hajiya, bar ta. Shekarun da na yi a nan, yau ne aka zo da mai ido." Ya ce ta biyo shi. Muka bi bayan gidan, wajen tsohon kicin, inda masu ziyara ba sa zuwa. Can injin yanka ciyawa bai kai ba. Tafasa har gwiwa, ga zaƙi-banza, ga rama ta fito da kanta jikin katanga.

Inna ta yi bisimilla ta shiga. Ba tumɓukewa take ba, kan ganyen kawai take tsinka da farce, tana yi wa dattijon faɗa cewa in an bar gindin, kwana bakwai ya sake toho. Ya ce shi ke nan, nan wurin ba zai ƙara sa fartanya ba, nata ne. Ta kira jikokinta tana koya musu: wannan na miya, wannan na kwaɗo, wannan kada ku taɓa, ƙaiƙayi gare shi. Da ƙyar muka janyo ta sallar la'asar. Bayan ta sallame ta cinye dafa-dukarta tas, har ta ce gishiri ya yi kaɗan. Ban taɓa jin daɗin kushe irin na ranar ba.

Muka dawo da kular abinci cike da ganye, da ƙari a mayafinta. Na ɗauko faranti zan baza, ta ce a'a, ƙarfe yana dafa ganye, kuma a inuwa ake shanya shi, a kan zane. Na miƙe zan ɗauko nawa.

"Bar sabon zanenki, 'yar nan."

Ta shiga ɗaki. Ina ji tana fama da ƙullin da ya yi sati uku. Ta fito da shuɗin zanen, ta karkaɗe, ta shimfiɗa a baranda. Kayanta kuwa na gan su zube a kan gado.

Da safe maigidana ya zo gaishe ta kafin ya tafi aiki. Ya durƙusa, ya yi ta murza hula, sannan ya ce, "Inna, maganar mota fa? Yau Litinin."

Ba ta ko dube shi ba, tana juya ganye da yatsa.

"Ji yaron nan. Wa ya taɓa barin shanya ɗanya ya kama hanya? Kuma mutumin can, in ban koma ran Lahadi ba, sai ya aske min tafasa."

Na shige kicin na yi hamdala, na ɗora ruwan koko. Daga baya na kwashe nawa kayan daga aljihun kabad na ƙasa, na bar mata shi a buɗe.