Jinkar Iya da Baiwar Allah

A bazarar shekarar da aka samu mulkin kai, wata Asabar da hantsi, na ga abin da ban taɓa gani ba a gidanmu na Tamawa. Baba na tsaye da 'yan gayya a bayansa, mahaifiyarsa kuma ta zauna daɓas a bakin ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafa ta hana kowa matsowa. Iya muke ce mata, ni ce kuma 'yar ɗakinta, ni ke ɗebo mata ruwa in dama mata fura. Jinkar ɗakin ta ruɓe, gara ta ci rabinta, kana kwance kana hango sama. Ga damina ta ƙarato, ga Iya da tarin da ba ya son sanyi, wanda ya kusa tafiya da ita a daminar da ta wuce. Shi ya sa Baba ya tanadi shuci, ciyawar jinka, tun kaka, ya gayyato maza a sauke jinkar a kware ta a sake baibaya.

Abin da ya tsayar da aikin, 'yan tsuntsaye ne da ba su cika tafin hannuna ba. Tsuntsuwar nan baiwar Allah ce ta yi sheƙa cikin ciyawar, daidai saman gadon Iya, har ta ƙyanƙyashe. Ni na fara ganin sheƙar, ni kuma na kai labari, don tun ina ƙarama bakina ba ya riƙe magana. A garinmu ko yaron da ya fi kowa ɓarna ba ya jifan baiwar Allah. Iya ta dubi Baba ta ce, “Baƙonka annabinka. In ka kware ɗakin ga da ɗiyan tsuntsu ciki, ba ni sake kwana cikinshi.” Baba ya lallasa, ya nuna mata gabas inda hadari ya fara haɗuwa. Ta ce ta san hadari tun kafin a haife shi. Ni dai ina son tsuntsayen, amma na fi son Iya.

Baba ba ya ja da uwa, sai dai taurin kai gadonsa ya yi. Ya daɗe yana kallon jinkar, sannan ya sa aka kafa gwafanni a gefen rumbu. Karan da itacen da ya ajiye don gyaran rumfarsa ta hatsi a kasuwar Kurfi ya fito da su, aka ɗaura sabuwar jinka a ƙasa aka baibaye. Da la'asar maza suka kewaye ɗakin suka ɗaga tsohuwar ɗungurungum, suna takawa sannu kamar masu ɗauke da ƙwaryar nono, Iya na biye tana musu faɗa, har suka aza ta kan gwafannin. Ran nan na ga da idona cewa “hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.”

An ɗora sabuwa, amma Iya ta ce ba ta shiga sai iyayen tsuntsayen sun koma wa 'ya'yansu. Na ɗauki kara na tsaya korar kyanwa da kaji, na watsa tsakin gero a ƙasa. 'Ya'yan na ta kuka, iska ta taso, gari ya yi duhu, Iya ta fara tari, Baba na ta kai da kawowa. Can sai ga namijin, jawur, ya sauka kan danga. Ya leƙa nan ya leƙa can, sai wuf ya shige cikin ciyawar tsohuwar jinkar, matar ta bi shi. Iya ta miƙe ta kaɗe zane ta ce, “To, kai mini tabarmata ciki.” Ban gama shimfiɗawa ba ruwa ya kece, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Yanzu ina Dutsin-Ma, cikin gidan kwano da silin, ɗana ya sa an toshe kowace kafa da ragar waya. Babu yoyo, babu gara, na kuwa gode Allah. Har yau ina watsa tsaki a tsakar gida, sukan zo su ci, su dubi rufin, su tashi. Tsohon ɗakin Iya ya fi nawa yoyo, amma ya fi nawa baƙi.