Mutumina a Hoton Sale

Ranar wata Laraba ce da la'asar, a ranin shekarar da na daina zuwa makaranta. Ina zaune a kan rumfar korar tsuntsaye a gonar shinkafar Baba da ke fadama, igiyar gwangwanaye ɗaure a babban yatsan ƙafata, waya a hannu. A gonar da ke jikin tamu, abokina Sale ne a kan tasa rumfar, shi ma kai a sunkuye. Wanda ya hango mu daga kan jinga sai ya ce ga yaran kirki nan suna tsare wa iyayensu amana. Alhali mu biyun muna can cikin wasan harbi na intanet, tawaga ɗaya, muna zabga gudu a wani tsibiri da babu shi a duniya. Kuma ni ranar ba cin wasa ne a gabana ba. Hoto nake nema.

Abin da ya jawo shi ne Yaya Bukar mai shagon caji a bakin kasuwa, inda duk yaran unguwarmu ke kai waya. Ya ce zai buga ƙatuwar bana, irin ƙyallen tallan nan mai hoto, ya rataya a ƙofar shagon, kuma duk wanda ya turo masa sikirinshot, wato hoton allon waya, mafi kyau na ɗan wasansa kafin Juma'a, shi za a sa, har da suna a ƙasa. Kai, ka san me wannan yake nufi ga yaro irina? Duk wanda zai shiga kasuwar Haɗeja ta wannan ɓangaren, da masu kifi da masu tattasai da mutanen Kirikasamma da ke sauka daga mota, sai ya karanta sunanka. Ni da malamai suka gaji da ni, Baba kuma kullum maganarsa ɗaya ce, "Ilu, kai ƙasa tana cizon ka ne?", na ƙudura a raina cewa wannan bana tawa ce.

Kuma ina da hujja. A harbi dai kaf unguwar babu na biyuna. Ɗan wasana, wanda nake kira mutumina, yana da wata baƙar riga mai hula da jan ƙyalle a wuya, ba saya na yi ba, da gumina na ci ta. Mutumin Sale kuwa farar singileti ce a jikinsa, irin wadda ake ba kowa ranar farko. Sale bai iya harbi ba ko kaɗan, in aka fara ɓarin wuta bayan dutse yake laɓewa har sai na gama. Amma in ya turo hoto a guruf ɗinmu na waya, sai ka ga kowa ya yi tsit, sannan yabo ya ɓarke. Wannan ɗan singiletin nasa sai ya fito kamar wani babban mutum. Ni kuwa nawa hotunan, ƙeya kawai ake gani, madannai sun rufe rabin fuska, ƙafa ɗaya a sama. Sau da yawa ma garin danna maɓallin murya da na kashewa a tare, sai dai wayar ta mutu. Ga allon wayata a tsage, gadon yayana ce da ya tafi Legas, kuma na daɗe ina zaton tsagar tana fitowa a hoton, don haka nake cusa mutumina can a kusurwa. Ranar da Sale ya gane haka, dariya ya yi har ya kusa faɗowa daga rumfa. Har yau ina jin wannan dariyar a kunnena.

Ba wai ya yi min rowa ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da ya ɓoye, da na samu abin riƙewa. A'a, zama yake kusa da ni a kan kunya, muna cin gurasa da rogon da Inna ta ƙulle min, yana nuna min. Ka ɓoye madannai tukun. Ka juyo da kyamara ta kalli fuska. Ka sauke ta ƙasa, kamar kana cikin kwale-kwale kana kallon wanda ke tsaye a gaɓa. Kada rana ta zauna a bayansa, bar ta ta dake shi ta gefe. Sannan ka jira. "Hoto kamar fatsa ne," haka yake cewa, "in ka cika motsi ba abin da zai ci." To a nan ake yin ta. Duk sauran na iya, jiran ne ya gagare ni. Da na tsayar da mutumina sai yatsana ya fara ƙaiƙayi, in ji harbi can nesa, in ruga.

To mu koma ga Larabar nan. Na kai mutumina bakin wani kogi a cikin wasan, ranar cikin wasan ta fara yin ja, ina ta juya kyamara ina tsaki, sai na ji wani irin ƙugi a sama. Jan-baki ne. Wanda bai taɓa ganin su ba ba zai gane ba: tahowa suke kamar hayaƙi, su lanƙwasa, su zubo a kan gona, kafin ka ce kwabo sun tsotse madarar shinkafa sun bar maka ƙaiƙayi. Tamu ce ta riga ta su Sale fitar da kai, don haka kanmu suka yo. Na yar da wayar a kan rumfa, na fizgi igiya, gwangwanaye suka kaure, na diro cikin taɓo ina ihu ina wurga majajjawa, in kore su gabas su dawo ta yamma. Sai da muryata ta dushe sannan suka tashi suka nufi cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa. Na dawo jiƙe sharkaf, na tarar an daɗe da harbe mutumina. Sale yana can yana jan igiyarsa da ƙafa, ko kallona bai yi ba.

Daren Alhamis na tura wa Yaya Bukar hotuna rututu, duk wanda na samu. Bayan 'yan kwanaki aka rataya bana. Na taho da gudu, na kutsa cikin yara, na ɗaga kai. Mutumina ne. Baƙar rigata, jan ƙyallena. Yana tsaye a bakin ruwa, bindiga a sauke, ciyawa ta kai masa gwiwa, hasken yamma ya kwanta a rabin fuskarsa, yana kallon nesa kamar mai tunanin wani abu mai nauyi. Wallahi ban taɓa sanin yana da kyau haka ba. A ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe, sunan Sale.

Ashe lokacin da nake fama da tsuntsaye, mutumina na tsaye ƙiƙam babu mai taɓa shi, sai Sale ya lallaɓo da ɗan singiletinsa ya durƙusa a gabansa ya ɗauka. Na shiga shagon ina huci, na ce ai wannan zalunci ne, mutumina ne, rigata ce. Yaya Bukar bai ko ɗago daga wayoyin da yake jerawa ba, ya ce, "Ilu, in an fito da giwan ruwa, kifin ake yi wa barka ko mai taru?" Shagon ya kwashe da dariya. Shi Babarbare ne, Sale kuma Bafulatani, sai ya jawo shi yana ta tsokana, wai bawansa ya fitar da shi kunya. Har wannan tsokanar sai da na yi kishinta. A hanyar gida Sale ya biyo ni, ya ce a hankali, "Tun da na san ka, ranar ce kaɗai na ga ka tsaya. Ya zan yi in bar ta ta wuce?" Sai da aka yi girbi aka casa kafin na sake yi masa magana.

Na sha komawa bakin kogin nan na cikin wasan ni kaɗai, in tsayar da mutumina daidai wurin, in sauke kyamara, in ce yau sai na yi wanda ya fi nasa. Ban taɓa kaiwa lokacin da hasken ke kwantawa ba.

Yanzu Sale ne ke ɗaukar hoton biki daga Haɗeja har Malam Madori, da kyamara ta gaske a wuya, amare na jiran layinsa. Ni kuwa na taɓa gyaran waya, na taɓa lodin tattasai, na yi wankin mota a Kano, na dawo, ina kuma shirin sake fita. Ƙanena ne a kan rumfar Baba, shi ma da waya a hannu. Banar ta koɗe, Yaya Bukar janareto yake rufewa da ita in hadari ya taso, amma jan ƙyallen bai gama gogewa ba, sunan ma haka. In na bi ta wurin sai na rage tafiya, in ji abin ya ɗan soke ni kamar jiya aka yi. Hotona mafi kyau a duniya, ba na nan aka ɗauke shi.