Ƙeyar da Muka Yi wa Dariya

Kullum da safe, kafin masu walda na layinmu su ta da injinsu, Baba Ƙeya ya riga ya buɗe ɗakinsa. Yakan share bakin ƙofa, ya fito da bencin da samari ke zama, sannan ya sauko da jitocin da ke rataye a bango ɗaya bayan ɗaya, ya goge tsirkiyoyinsu da wani tsumma da ya yi baƙi don tsufa. Daga nan sai saiti. A da da kunne yake yi, yana murɗa tsirkiya yana amsa gaisuwa. A 'yan shekarun nan kuwa sai ya kifa haɓarsa a kan katakon jitar, ya taɓa tsirkiyar, ya lumshe ido, ya ji rawar sautin ta ƙashin muƙamuƙinsa. Kunnen hagu ya daɗe da mutuwa, na dama ma ya kama hanya.

Rumfar gyaran rediyona manne take da ɗakinsa, shi ya sa na san wannan duka. Ƙarshen watan jiya ya rufe ɗakin. Wata rana ce ya saita wa wani ɗalibinsa jita ya miƙa masa, sai ya hangi ɗalibin ya juya baya yana sake saitawa a ɓoye don kada ya ba shi kunya. Ya bar shi ya gama. Ni ya ce wa, "Maƙwabci, wanda ba ya jin kuskurensa, ba shi da hurumin gyara na wani."

A kan bencin nan aka yi shekaru ana musu guda wanda bai taɓa ƙarewa ba: me ke sa a ce mai kaɗa jita a kiɗan rok na Turawa ya isa? Dogo, mai wankin mota, shi sauri ya sani.

"In yatsunka ba sa gudu, malam, ka ajiye jita ka je ka yi tallar katifa."

"Sauri kuma?" in ji ɗan tela. "To a ba keken ɗinkin babana jita mana, ai ya fi kowa gudu. Kiɗa shi ne jita ta yi kuka har kai ma ka ji ƙwalla."

"Kai dama kuka ba ya yi maka wuya," in ji Dogo.

Wani ya ce tsayuwa ce, yadda mutum zai cika dandamali shi kaɗai. Wani ya ce a'a, sai wanda ya ƙago abin da ba a taɓa ji ba. Za su yi ta yi har rana ta karkata, amma a wuri ɗaya suke sauka: Walƙiya. Hujjarsu kuma ɗaya ce, wani dogon kiɗa da ke tsakiyar waƙarsa ta ƙarshe, inda mawaƙi ke yin shiru jita ta ɗauka ita kaɗai. Akwai saurin da Dogo ke so a ciki, akwai kukan ɗan tela. In suka waiwayo suka ce, "Baba, kai me ka gani?" sai ya ce, "Ai Yaya ba a haɗa shi da kowa," ya ci gaba da aikinsa.

Marigayi Walƙiya yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara ɗora masa yatsu a kan tsirkiya. A ƙungiyarsu yayan ne a gaba, gashi a tsaye, jita a ƙugu. Ƙanen yana can baya yana riƙe masa amo. Kuma a shekarun ƙarshe na ƙungiyar ba a ƙara ganin fuskarsa ba. Da an fara kiɗa sai ya juya wa jama'a baya, ya matsa jikin babbar lasifika kamar mai raɗa mata magana. Daga nan sunan ya samo asali. Mutane su yi ta ihu, "Ƙeya, juyo mu gan ka!" Aka ce kunya ce, aka ce tsoron taro ne. Ni ma na yi dariyar, ba sau ɗaya ba.

Ranar da zai rufe ɗakin, ɗalibansa suka shirya masa ɗan zama da la'asar. Aka jera kujeru a bakin ƙofa. 'Yarsa ta zo, tsohon mai gangar ƙungiyar ya zo da sandarsa, matar marigayi ma ta zo, ta zauna kusa da Baba Ƙeya tana tsokanarsa.

"Ƙanin miji, yau dai ka juyo an ga fuskar. Ashe ba wata muni ba ce."

Ya karanta bakinta ya yi murmushi. "Yaya ai shi ya kwashe kyawun gidanmu, shi ya sa kika bi shi."

Samari kuwa ba su iya zama ba musu. Aka jona lasifika, aka sa waƙar nan, aka zo wurin dogon kiɗan. Dogo ya miƙe tsaye. "Ku ji hannu! Wallahi da an binne Walƙiya da jitarsa, da ba a yi asara ba, don ba wanda ya isa ya taɓa ta."

Sai matar marigayi ta ce a kashe. Muryarta ba ta yi ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Yaran nan, kun ishe ni. Hannun da kuke yabo, lokacin da aka ɗauki wannan waƙar ko cokali ba ya iya riƙewa. Ni nake ɓalla masa maɓallin riga. Ga mai kiɗan nan zaune a gabanku."

Samari suka dubi juna. Aka juya ga mai ganga, shi kuma ya gyara zama ya fara bayani. Ya ce rawar hannu ce ta kama Walƙiya, kaɗan kaɗan, har ta kai in ya danna tsirkiya sai ta zame. Ranar da abin ya fara bayyana a wurin gwaji, ya ajiye jitar ya shiga banɗaki ya kulle, suna jin kukansa. Ƙanen ne ya je ya tsaya a bakin ƙofar ya ce, "Yaya, fito. Kai dai ka tsaya inda ka saba tsayawa." Daga ranar, in an zo wurin da ya fi wuya, sai Walƙiya ya murɗe sautin jitarsa gaba ɗaya ya ci gaba da motsa yatsu, ƙanen kuma ya ɗauka daga baya. Dole ya juya baya don kada a ga hannunsa. Dole ya manne da lasifika don ta kare shi.

"Na sha ce masa ya toshe kunnen da auduga," in ji mai ganga. "Ya ce in ya toshe ba zai ji numfashin Yaya ba, zai riga shi shiga."

Ya ƙara da cewa akwai lokacin da wata babbar ƙungiya ta zo neman mai jita. Suka zauna suka saurara, suka yaba wa Walƙiya, suka ce shi ya yi musu tsufa, na bayan nan kuma ba shi da wani abin nunawa. Ƙanen yana tsaye aka faɗa. Ya taya su ɗaukar jakunkuna zuwa mota.

'Yar Baba Ƙeya ta rufe fuska da mayafi. "A makaranta ce mini ake yi 'yar Ƙeya mai kunya," ta ce. "Ko mu bai taɓa gaya mana ba."

Tun ranar nake juya wannan magana, kuma ba zan ce ta kwanta mini ba. Jama'a sun taru don su ga Walƙiya yana kiɗa, suka yi wa hannun da ba ya kiɗa tafi. Wannan yaudara ce, ko ba ita ba ce? Na kasa cewa a'a. Akwai kuma haƙƙin 'yar da ta girma tana jin kunyar ubanta. Akwai haƙƙin kunnen da Allah ya ba shi amana. Amma in na auna ta ɗaya gefen sai in tambayi kaina, wa aka cuta? Kiɗan da mutane suka ji na gaske ne, ƙwallar da suka yi ta gaske ce. Abin da aka sauya kawai shi ne wanda za a gode wa, kuma mai abin ne da kansa ya bayar. Mun saba cewa Allah ya rufa mana asiri, muna faɗa kamar daga sama rufin zai sauko. Ban taɓa tunanin cewa wani lokaci mutum ne ake aikowa ya zama murfin ba, kuma murfin shi ke shan rana.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ya biyo baya. Duk maganar nan Baba Ƙeya yana zaune yana bin bakunan mutane da ido. Dogo ya durƙusa a gabansa, ta ɓangaren kunnen dama, ya ɗaga murya yadda ko masu walda sun ji.

"Baba, don Allah, kai ne ka kaɗa?"

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da abin da aka hana shi tsawon rayuwarsa. Kalmar nan kuma ita za ta sauke yayansa daga inda ya ɗora shi. Ya dubi Dogo, ya dubi matar yayansa, sai ya nuna kunnensa.

"Ban ji ba, ɗana."

Dogo ya buɗe baki zai maimaita, mai ganga ya ɗora masa sanda a kafaɗa. Baba Ƙeya ya ce a mayar da waƙar. Ya ja kujerarsa ya dafa lasifika da hannun dama don ya ji ta a tafinsa. Da aka zo wurin ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya jiƙan Yaya. Ya iya kiɗa." Ni ina zaune ta hagunsa. Na ga yatsun hannunsa na hagu a kan gwiwarsa suna tafiya da kansu, suna danna tsirkiyar da babu, ba su saɓa ko sau ɗaya ba.

Baba, kunne ya tafi amma ido yana nan, don haka na rubuta maimakon in faɗa. Na san ba za ka so ba. Ka yi haƙuri, maganar ta riga ta fita, kuma ba ta rage wa yayanka komai ba, sai dai ta nuna irin ƙanen da ya reno. Kai ne ka ba tafi baya ka fuskanci aiki. Kai ne ka san kiɗan wani har kana jiran numfashinsa. Mun kira ka Ƙeya muna dariya, ashe abin da muke kallo shi ne mafi kyawun abin da ke kan dandamalin. Mun gode. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa, ya sa abin da ya rage na jinka ya ishe ka jin muryar jikokinka.

Ku kuma samarin benci, ban ce ku daina musu ba. Ku yi ta auna sauri da kuka da tsayuwa. Amma duk wurin da kuka ga ana tafi, a dandamali ne ko a wurin aiki ko a cikin gidanku, ku ɗan leƙa baya ku ga wa ya juya ƙeya. In kun same shi, ku gode masa tun yana ji.