Daurar Kwana Uku da Tsohon Sojan Unguwarmu

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, akwai rana ɗaya da na san za ta tsaya daram: ranar da na fasa wa tsohon soja balan-balan a bayan kunne da sunan magani. Shekaru sun ja, furfura ma ta fara leƙo ni, amma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

A lokacin ina da ɗan shago a Kudai, cikin Makka, kusa da tashar motocin alhazai, ina sayar da caja da murfin waya. Allah ya yi ni da baki. In alhaji ya shigo yana kumfar baki don motarsu ta tafi ta bar shi, kafin ya fita sai na sa shi dariya, ya kuma sayi cajar da ba ya buƙata. Abokai suka yi ta zuga ni wai an yi asarata a shago, ni kuwa da ma kaina ba ya raina zugi. Ana cikin haka na ga tallan wata daura. Daura a bakin mutanen Makka ita ce irin gajeren kwas ɗin nan da ake yi a zauren otal. Wannan ta ilimin nafsi ce, wato sanin halayyar ɗan'adam da damuwar zuciya, kuma kwana uku ce cur.

Malaminmu wani mai jar kwat ne da makirufo manne a kumatu. Aikinsa ya zagaya zaure yana sa mu tafi muna cewa mu zakuna ne. A rana ta ƙarshe aka raba mana balan-balan, kowa ya rubuta abin da yake tsoro a jikin nasa, aka ƙirga uku muka fasa gaba ɗaya. Malam ya ce shi ke nan, tsoro ya mutu. Aka miƙo mini shahada, takardar shaida mai zanen ruwan zinare a gefe, har da hatimi biyu. Na fito otal ɗin ina tafiya a hankali, don a ganina bai dace likita ya riƙa sauri ba.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta kai labarin wata walimar mata a unguwarmu ta Utaibiyya. Ta ce ɗanta ya je ya yi daura ta ilimin nafsi, kuma gaskiya ta faɗa. To a cikin matan akwai Hajiyar maƙwabtanmu, mutuniyar ƙasar Katsina, wadda ta zo Makka ta Sudan da girmanta, Larabcinta kuwa bai wuce na cefane ba. Ita abin da ta ji shi ne na je garin Daura. Washegari ta aika aka kira ni.

"Ɗan nan, ashe har gida ka je karatu ba ka yi mini sallama ba?" in ji ta. "Daura fa. Ai kakata 'yar can ce."

Na buɗe baki zan gyara mata, sai na ga irin kallon girmamawar da take yi mini, wanda tunda nake ba a taɓa yi mini irinsa ba. Na mayar da bakina na rufe. Na ce, "Hajiya, tafiyar ce ta zo da gaggawa."

"Ya mutanen can?"

"Suna gaishe ki," na ce, ni da ban taɓa taka Najeriya ba.

Mijin Hajiya, wanda duk unguwa muke kira Baba, haifaffen Makka ne, jikan alhazan da suka zo a ƙafa. Ya daɗe yana aikin soja, ƙarshen aikinsa a bakin iyaka ya yi shi, sannan ya yi ritaya. Tunda ya dawo barci ya ƙaurace masa. Ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa. In iska ta buga taga sai gumi ya karyo masa, da bikin sallah kuwa ba ya fita saboda 'yan abubuwan fashewar da yara ke wasa da su. 'Yarsa, malamar makaranta, ta shafe watanni tana lallashinsa kafin ya yarda a karɓar masa mau'idi, wato ranar ganin ƙwararriyar nafsi a asibitin sojoji. Abin da yake gudu kada a ce an kai shi wurin likitan mahaukata. Saura mako ɗaya ranar ta zo na faɗo cikin lamarin.

Hajiya ta ce tunda ga ɗan gida, me zai kai su tonon asiri a asibiti. 'Yar ta dube ni sama da ƙasa, don ita ta san dawan garin. Ta ce, "Umma, daura fa ya yi, ba Daura ba."

"To me na ce? Ai abin da na ce ke nan," in ji Hajiya.

Malamar ta yi bayani da Hausa, ta yi da Larabci, Hajiya ta ce kishi ne irin na masu boko. Shi kuwa Baba faɗuwa ce ta zo masa daidai da zama, ya ce a soke asibitin. 'Yarsa ta fita tana hawaye, ni ina zaune ina kurɓar shayi.

Bari in faɗi tawa manufar, don ba tausayi ne kaɗai ya kai ni ba. Na ga wata sanarwa ana neman ƙwararrun nafsi da za su riƙa kula da tsofaffin sojoji. Sharuɗɗan sun cika shafi guda, amma na karanta su irin karatun mai son zuciya. Na ga an ce shahada, na ce ina da ita, har da ruwan zinare. Na ga an ce gogewa, na ce nan ne kawai da saura. Sai ga tsohon soja sukutum a maƙwabta, Allah ya kawo. A lissafina in na yi mako biyu a kansa, sai in ɗauki takarduna in je su ba ni ofis.

Zama biyu na farko ni na yi ta magana. Na zuba masa duk abin da mai jar kwat ya zuba mana, har da inda yake ɗaga murya. Na ce ya maimaita cewa shi zaki ne. Baba ya dube ni da jajayen idanunsa ya ce, "Ɗana, ni ba zakanci nake nema ba. Barci nake nema." Na rubuta a littafina cewa mara lafiya yana da taurin kai.

A zama na uku na ce lokacin babban magani ya yi. Bayan la'asar ne, muna falonsa mu biyu, Hajiya da 'yarta suna kicin. Na hura jan balan-balan na miƙa masa da alƙalami, na ce ya rubuta abin da yake tsoro. Ya riƙe alƙalamin ya daɗe, sannan ya ajiye bai rubuta komai ba. Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni sai na karɓa na rubuta masa "tsoro" da kaina, da Hausa da Larabci, don kada maganin ya ɓata hanya. Na zaga bayansa kamar zan ɗauko ruwa. Har na ƙara nawa ilimin a kan na malam: na ga in ba a ƙirga uku ba zai fi shiga jiki. Na soka wa balan-balan ɗin allura.

Ban san yadda aka yi na kai ƙasa ba. Na dai ji ni kife a kan darduma, Baba ya rufe ni da jikinsa gaba ɗaya, hannunsa ya danne ƙeyata. Na ɗauka kashe ni zai yi, ashe kare ni yake. Yana kiran sunan wani mutum da ban sani ba, yana cewa da Larabci kada ya ɗaga kai, kada ya ɗaga kai. Ina jin bugun zuciyarsa a gadon bayana. Hajiya da 'yarta suka shigo a guje suka tsaya a bakin ƙofa. A hankali ya sake ni, ya tashi zaune, ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya dubi guntayen jar robar da suka warwatsu a ƙasa. Sai dattijon nan da ake tashi tsaye in ya shigo masallaci ya rufe fuska ya fashe da kuka a gabanmu. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

Ya shiga ɗaki ya kulle. Aka yi kwanaki ba a gan shi a masallaci ba, abinci ma a bakin ƙofa ake ajiye masa. 'Yarsa ta koma ta nemi wani mau'idin, aka ba ta mai nisa, shi kuma ya ce ko kusa ko nesa ba inda za shi. A cewarsa an gwada likita, ya ga abin da ya fito. Wato ban tsaya a soke masa ranar asibiti ba, sai da na sa ya tsani maganin kansa.

Da abin ya ishe ni na je na durƙusa gaban Hajiya, na ɗaga murya yadda Baba zai ji daga ɗaki. Na ce ban san hanyar Daura ba, ban san kowa a can ba, ba kuma wanda ya aiko mata da gaisuwa. Kwana uku na yi a otal, nan Kudai.

Hajiya ta ce, "Kwana uku? Ko kaza ai sai ta yi mako uku a kan ƙwai." Ta tashi ta bar ni a durƙushe.

Wannan tonon asirin nawa ne ya buɗe ƙofa. Da Baba ya gane ba likita ne ya gwada shi ba, mai sayar da caja ne, sai ya yarda zai je. 'Yarsa ta ce dole in bi su in faɗi abin da na aikata da bakina, don a san inda za a fara gyara.

Ƙwararriyar da muka samu 'yar Hausawan Makka ce, Hausarta rabi Larabci. Ta gaishe da Baba a ladabce, ta tambaye shi inda yake son zama, ya zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa. Ta sa aka ba shi ruwa, sannan ta fito da ni waje ta saurari labarina har ƙarshe. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi, amma ko murya ba ta ɗaga ba.

"Daurar kwana nawa ce?" ta tambaya.

"Uku," na ce. "Amma akwai hutun sallah da na cin abinci a ciki."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ita ta yi digirin farko a ilimin nafsi, ta yi shekarar horo a asibiti, ta koma ta yi digiri na biyu a ɓangaren kula da marasa lafiya. Ta zauna jarrabawar hukumar da ke tantance ma'aikatan lafiya kafin a ba ta lasisi, kuma lasisin sabunta shi ake yi, ba a bango ake rataye shi a manta ba. Duk da haka, da ta zo wurin sojoji sai da aka sake horar da ita a kan masu firgicin yaƙi, ta daɗe tana aiki wata babbarta na duba kowane mataki. Ina tsaye da shahadata a cikin jaka, sai na ji jakar ta yi mini nauyi.

Ta ce, "Abin da ka yi yana kama da wani magani na gaske, shi ya sa ya fi haɗari. Ana yinsa kaɗan-kaɗan, da sanin mara lafiya da yardarsa, bayan ya amince da kai. Tayyib, to, me aka koya maka ka yi in mutum ya faɗi?"

Na ce, "Ba mu kai nan ba."

"Mu da nan muke farawa," in ji ta, ta koma wurin Baba ta ja ƙofa.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Daga baya 'yarsa ta gaya mini, ba don ta faranta mini ba, cewa watannin farko duk a gyaran ɓarnata suka tafi. Ni kuwa sanarwar aikin nan ko sake kallonta ban yi ba, na koma kan cajata. Sannu a hankali muka ji Baba ya fara samun barci, sai kuma wata rana da azahar ga shi a masallaci, ya rame amma fuskarsa a sake. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Kunya ta hana ni tsayawa kusa da shi, sai na shiga sahun da ke bayansa. Ana shirin tayar da sallah ya waiwayo ya gan ni. Ya matsa ya buɗe mini wuri.

"Ɗana, dawo gefena," ya ce a hankali, yadda ba wanda zai ji. "Na yafe maka tuntuni. Amma ba zan iya sallah kana bayana ba."

Na dawo gefensa, kafaɗata na taɓa tasa, na yi sallar nan hawaye na zuba a gemuna.

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ni na ga wani lokacin ba mai shi yake shaƙewa ba, wanda ya yarda da shi yake shaƙewa. Shekarun da ake sa mutum ya yi kafin a bar shi ya zauna da mai ciwon zuciya ba don wahalar da shi ba ne, don kare wanda zai zauna a gabansa ne. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini damuwar da ta fi ƙarfina, ba na jin kunyar ce masa ban sani ba, tashi mu je wurin wanda ya sani.