Karen da Aka Bar wa Tagwa

Shekara tara Tagwa 'yar Sudan tana aikatau gidan wasu Turawa a unguwar Mohandessin, can Masar. Da za su koma ƙasarsu, sallamar da suka yi mata kare ne ruwa biyu: ubansa na kiwon tumaki, uwarsa ta jan kaya a kan ƙanƙara. Ɗakinta na saman bene a unguwar Darrasa kuwa ba tumaki, ba ƙanƙara, sai ita yake ja kullum safe. In ya lashi kwano sai ta wanke sau bakwai, ga shi ruwan ma da jarka take hawa da shi.

Maƙwabcinta Munzir ya ce ta sake shi a titi mana.

Ta ce, "Khalas, ya isa, Munzir! Ni da shi, wa ya zo Masar da son ransa?"